Kwamfuta takwas amma gudun bai kai ninki uku ba, ina matsalar take?

Malam_Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar haɗa kwamfutoci su taru a kan aiki ɗaya. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a yankin Auyo. Muna da kwamfutocin tebur goma sha biyu, duk tsofaffi, takwas Core i3 ne, huɗu Core 2 Duo. Yara na amfani da su har azahar, daga nan a kashe suke kwana. Ƙanena yana digiri na biyu a fannin ruwa, ya rubuta wata manhaja da C wadda ke kwaikwayon yadda ambaliya ke fita daga kogin Haɗejiya ta bazu cikin gonakin shinkafa. A laftof ɗinsa tana cin lokaci, sai na ce mu gwada injinan makaranta da izinin shugaba. Na sa musu Debian, wato wani nau'in Linux, da Open MPI, manhajar da ke ba injina damar aika wa juna saƙo suna aiki ɗaya, na haɗa su da siwicin ɗakin, akwatin da wayoyin sadarwarsu ke haɗuwa a ciki. Aiki yana tafiya lafiya, amma ga abin da agogo ya nuna. Inji ɗaya minti 40. Biyu minti 24. Huɗu minti 18. Takwas minti 16. Da na zuba duka goma sha biyun sai ya koma minti 19. Ni lissafina takwas ya kamata su gama a minti biyar. Linux ɗin ne, ko injinan ne, ko haka abin yake dama? Allah ya saka da alheri.

Sadik_Ringim:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, wane irin siwici ne a ɗakin? Ka rubuta ethtool da sunan katin sadarwar injin, ka duba layin da ke nuna gudu. In ka ga 100Mb/s, ka samu rabin amsarka.

DanGumel88:
Ni dai a ganina abin kyauta ne matsalar. Da Windows ka sa da ba haka ba. Duk manhajar da ba wanda ya biya kuɗinta, wa zai tsaya ya gyara ta ta yi gudu?

Injiniya_Kazaure:
DanGumel, ɗan uwa, wannan maganar ba ta da tushe. Akwai jerin manyan kwamfutoci 500 mafi gudu a duniya, TOP500, da ake fitarwa sau biyu a shekara tun 1993. Daga Nuwamban 2017 duk ɗari biyar ɗin Linux suke hawa, babu ko guda da ta fita. Masu kashe miliyoyin daloli a kan inji ba rashin kuɗin lasisi ya kai su can ba.

Malam Auyo, inda lissafinka ya bar hanya shi ne raba 40 gida takwas. Ka ɗauki gayya. In girbin gero ne, kowa ya kama kunyarsa, mutum ashirin za su yi aikin mutum ashirin. In haƙar rijiya ce, ko kun kai hamsin mutum ɗaya ne a ƙasan ramin, sauran suna jiran guga. Kowace manhaja tana da ɓangaren girbi da ɓangaren rijiya. Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967. A ce cikin minti 40 ɗinka, minti 4 aiki ne da ba ya rabuwa, kamar karanta taswira a farko da rubuta sakamako. Saura 36 ka raba wa takwas, minti huɗu da rabi. Jimilla takwas da rabi, ba biyar ba. Ko inji ɗari ka kawo ba za ka sauka ƙasa da minti 4 ba. To amma kai 16 ka samu, ke nan akwai wani abu bayan wannan da ke cin lokacinka.

Hajara_Dutse:
Injiniya ya yi bayani. Bari in ɗora da alƙaluman da Malam ya bayar, don suna magana da kansu. Akwai hanyar da Karp da Flatt suka kawo a 1990, ana juya lissafin Amdahl a tambayi kaso nawa ne na aikin ya ƙi rabuwa. Na yi da naka. A inji biyu ya ba da kashi 20 cikin ɗari. A huɗu kusan 27. A takwas kusan 31. Da a ce ɓangaren da ba ya rabuwa ne kaɗai matsalar, wannan kason zai tsaya wuri ɗaya ko inji nawa ka sa. Tun da hawa yake yi, ƙarin injin da kansa ne ke haifar da sabon ɓata lokaci, kuma galibi hirar da suke yi da juna ta waya ce. Don haka tambayar Sadik ita ce kan gaba.

Malam_Auyo:
Na duba Malam Sadik, 100Mb/s ne a dukkansu. Siwicin tsoho ne mai ƙofa 16, tare da injinan aka kawo shi. Malama Hajara na gode, ban taɓa sanin ana iya karanta abin ta wannan fuskar ba.

Sadik_Ringim:
To ka gani. Megabit ɗari bai wuce megabait 12 a daƙiƙa ba, tsohon filashi ma ya fi shi. Katunan da ke jikin i3 yawanci gigabit ne, siwicin ne ke riƙe su. Amma kada ka sayi siwici ka tsaya nan, ka duba wayoyin. Gigabit sai duk silin takwas da ke cikin kebul sun yi aiki, shi kuwa na ɗari huɗu kawai yake buƙata. Masu haɗa ɗakunan kwamfuta a makarantu da yawa ba sa damuwa da sauran huɗun tun da wuta ta kama a siwici. Ka ɗaga kan kebul ɗin a haske ka ƙirga silin da ke ciki. Akwai kuma kebul mai araha da ke yawo a kasuwa, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, in ka kankare sili da reza za ka ga fari a ciki. Ka guje shi. Bayan ka canza, ka sa iperf3, manhajar auna gudun waya, tsakanin inji biyu. Lafiyayyen gigabit zai nuna maka wajen 940.

Kabiru_Ruwa:
Assalamu alaikum. Ni ne ƙanin da Yaya yake magana, manhajar tawa ce. Bari in faɗi yadda take aiki ko zai taimaka. Na yanka taswirar yankin ƙananan murabba'ai, na raba ta dogayen tsiri, kowane inji ya ɗauki tsiri ɗaya. A kowane taki na lokaci sai kowane inji ya aika wa maƙwabtansa tsayin ruwan da ke bakin iyakarsa, ya jira nasu, sannan a ci gaba. Takun suna da yawa ƙwarai saboda kowanne ɗan ƙanƙanin lokaci ne. Sakamako kuma duk a kan injin farko ake rubutawa ta NFS, wato sauran injina suna rubutu a faifansa ta waya.

Injiniya_Kazaure:
Madalla Kabiru, yanzu hoton ya fito. Irin aikinka ba faɗin hanya ne kaɗai ke damunsa ba, har da jinkirin kowane saƙo. Saƙonka ƙanana ne amma dubbai ne, kuma kowa na tsaye har sai na ƙarshe ya iso. A kan Ethernet da TCP kowane saƙo yana cin gomman mikrosakan kafin ya sauka, alhali InfiniBand, irin sadarwar da manyan cibiyoyi ke amfani da ita, wajen mikrosakan ɗaya ko biyu ne. Wannan ratar ce suke biyan kuɗi a kanta, fiye da yadda mutane ke zato.

Akwai abin da za ka iya ba tare da sisi ba. Ka bar MPI_Send da MPI_Recv masu tsayar da aiki, ka koma MPI_Isend da MPI_Irecv. Ka tura saƙon iyaka, ka shiga lissafin tsakiyar yankinka yayin da yake kan hanya, sai ka dawo kan iyakar a ƙarshe. Ka kuma duba yankan tsiri, don yankan murabba'i ya fi rage tsawon iyakar da ake musaya idan injina suka yi yawa. Amma abin da na fi zargi ma shi ne rabon aiki. A taswirar ambaliya injin da kogi ya faɗo a kasonsa shi ke gumi, wanda ya samu tudu busasshe zaman jira yake. Ka sa MPI_Wtime ka auna lokacin lissafi da lokacin jira na kowane inji daban. Kada ka gyara komai sai ka auna.

Hajara_Dutse:
Wannan kuma shi ya amsa dalilin da goma sha biyu suka fi takwas jinkiri. Tun da kowa na jiran kowa a kowane taki, gudun gungun injinan gaba ɗaya gudun mafi rauni ne. Core 2 Duo huɗun nan su ke jan i3 baya. Ko dai a rage musu kaso daidai ƙarfinsu, ko a cire su daga wannan aikin.

Nura_Sola:
Ni ta ɓangaren wuta zan shigo, don nan ne sana'ata. Malam, da me kake kunna su da yamma? Tsohuwar kwamfutar tebur in tana aiki gadan-gadan ka yi mata lissafin wat 80 zuwa 100 ko ba allo. Takwas kun doshi wat 800. In janareta ne, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. In sola ce da batir, daga magariba kowane wat daga jikin batir yake fita, kuma batirin da ake zuƙewa kullum ba ya daɗewa. Na sa wa wata makaranta a yankin Gumel infata, shawarar da na ba su ita ce duk aiki mai nauyi a yi shi tsakanin hantsi da la'asar lokacin da faifan sola ke ba da wuta kai tsaye. Kai kuma a lokacin ne yara ke ɗakin. Sai dai Asabar da Lahadi da hutu.

AbuFatima_Wudil:
Nura ya taɓo inda nake son zuwa. Gaskiya ɗaya ce, in sakamako Kabiru yake so ba koyo ba, ya manta da gungun nan. Ya je Beirut Road a Kano ya nemi tsohuwar wokistashan ta gwanjo, irin HP Z ko Dell Precision mai furosesa Xeon biyu. Ƙwayoyin lissafi goma sha shida, wato ƙananan furosesa da ke cikin manyan, a akwati ɗaya, suna magana ta cikin RAM ba ta kebul ba. Open MPI ɗin nan zai hau ba tare da ya canza layi ɗaya ba, kuma wutarta ba ta kai rabin ta injina takwas ba. Zamanin tara tsofaffin kwamfutoci ya wuce tun da furosesa suka fara zuwa da ƙwayoyi da yawa.

Injiniya_Kazaure:
AbuFatima, na yarda da kai a kan wuta, amma kada Kabiru ya ɗauka ƙwaya goma sha shida ninki goma sha shida ne. Lissafi irin nasa kaɗan ne a kan kowace lamba, yawancin lokacin ɗauko lambar daga RAM ake yi. Ƙwayoyin da ke furosesa ɗaya hanya ɗaya suke rabawa zuwa RAM, in ta cika sauran ƙwayoyin ba sa ƙara komai. Injina takwas daban kuwa kowanne da tasa hanyar. Matsalar ba ta ɓace ba, wuri ta canza.

Malama_Zainab:
Ku yi haƙuri in ce wani abu a matsayina na malama. Kuna ta lissafin minti da wat, ni kuma yaran nake gani. A makarantarmu ta 'yan mata a yankin Ɗambatta, abin da ake kira darasin kwamfuta bai wuce buga wasiƙa da zana tebur ba. Yarinyar da ta ga an ba injina takwas umarni daga kujera ɗaya, ta ga fitilun siwici suna ƙyaftawa tare, ta riƙe agogo ta rubuta 24 da 18 da 16 a allo ta tambayi dalili, ta koyi abin da wasu ba sa gani sai a jami'a. Malam Auyo, don Allah kada ka yi aikin nan bayan an tashi kai kaɗai. Ka zaɓi 'yan aji biyar da shida su zauna da kai, su danne kan kebul da hannunsu.

TsohonMalami:
Malama Zainab Allah ya yi miki albarka. AbuFatima, ɗana, abin da ka ce ya wuce da shi aka gina duk abin da ake taƙama da shi yau. A 1994 a cibiyar Goddard ta NASA a Amurka, Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 masu furosesa 486, irin na kanti, da Linux da Ethernet, suka kira shi Beowulf. Linux ɗin a lokacin shekararsa uku kacal da fitowa daga hannun Linus Torvalds. Matsalar da suka fara cin karo da ita ita ce ta Malam Auyo, waya ta kasa bin furosesa, har sai da suka riƙa haɗa katin sadarwa fiye da ɗaya a kowane inji. Becker shi ya rubuta direbobin katunan Ethernet da yawa na Linux. Da manhajar a rufe take, ba shi da hanyar shiga ya gyara. Wannan ce amsar DanGumel ta gaskiya: mai buƙatar gudun shi ke gyarawa, kuma ƙofa a buɗe take gare shi.

DanGumel88:
To na ji Baba. Amma ai waɗancan manyan suna samun cikakken gudunsu, mu ne namu ke zubewa.

Hajara_Dutse:
Su ma ba sa samu. Gwajin da ake jera TOP500 da shi, HPL, lissafi ne mai daɗin rabuwa wanda ke cika furosesa da aiki. Jack Dongarra da abokan aikinsa sun kawo wani gwajin, HPCG, wanda ya fi kama da ayyukan gaske masu yawan zirga-zirga zuwa RAM da waya. Babbar kwamfutar Fugaku ta Japan ta yi petafulof 442 a HPL (petafulof ma'aunin gudun lissafi ne), amma a HPCG 16 ta yi, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari. Kuma a hakan ta yi shekaru tana ta ɗaya a duniya a wannan gwajin. Saboda haka duk wanda ya faɗa maka gudun inji, ka tambaye shi a kan wane aiki.

Kawu_Hadejia:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya sa ni a nan. Manomin shinkafa ne ni. A 2022 ruwa ya cinye mana gona ana saura kaɗan a yanka, muna tsaye a kan jinga muna kallon kan zangarniya yana nutsewa. Tambayata ga Kabiru, wannan abin da kuke yi zai gaya mana ruwa na zuwa kafin ya zo? In minti 16 ne ko 40, mu duk ɗaya ne a wurinmu, in dai amsar gaskiya ce.

Usman_Taswira:
Kawu, tambayarka ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Kabiru, da wace taswirar tudu da kwari kake aiki? In SRTM ce, ta shekarar 2000 ce, kowane murabba'i mita 30, kuma kuskurenta a tsayi yana kai mitoci. Ƙasar Haɗejiya da Auyo shimfiɗaɗɗiya ce, rabin mita ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse. Jingar da manoma suka yi da buhunan ƙasa ba ta fitowa a ciki. Kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta karkatar da shi ba ta ciki. Ga kuma ruwan da ake saki daga madatsun Tiga da Challawa, wanda in ba ka da alƙalumansa ba ka san abin da ke shigowa ba. Shawarata ka ɗauki hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel na damunar 2022, kyauta ne, ka ɗora sakamakonka a kai a manhajar taswira ta QGIS ka ga ko inda ka ce ruwa ya kai nan ya kai. Sentinel-1 ya fi dacewa don rada ce, gajimare ba ya rufe mata ido.

Kabiru_Ruwa:
Kawu, Allah ya mayar da alheri. Manhajata ba ta kai matsayin gargaɗi ba tukuna, nazari ne na inda ruwa ke bi. Amma saurin yana da alaƙa da gaskiyar amsar. Don in daidaita ta da abin da ya faru a 2022 sai na gudanar da ita sau da yawa, ina canza yadda ƙasa da ciyawa ke rage wa ruwa gudu da yawan ruwan da ke shigowa, har ta yi kama da hoton. Malam Usman, Copernicus ta mita 30 nake amfani da ita, kuma na auna wasu wurare da kaina tare da masu safiyo.

Bashir_Bichi:
Tsaya Kabiru. Ka ce sau da yawa da alƙaluma daban-daban? To me ya kai ka raba gudu ɗaya, wato gudanar da manhajar sau ɗaya, wa injina takwas? Ka ba kowane inji nasa gudun cikakke. Takwas a minti 40, ke nan kowanne ya tashi a minti biyar, daidai lissafin da Yayanka ya yi tun farko, kuma ko da tsohon siwicin. Ba sa buƙatar yin magana da juna sam. GNU Parallel, mai raba wa injina ayyuka, kaɗai ya isa, ka ba shi jerin injinan ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, da jerin alƙaluman, duk wanda ya gama ya ɗauki na gaba. Core 2 Duo ɗin ma za su shiga su yi daidai ƙarfinsu ba su tsayar da kowa ba. Haka muka yi da DSSAT, manhajar kwaikwayon girman amfanin gona, a aikin gero da dawa, ranakun shuka daban-daban a kan yanayin shekaru masu yawa. Da Fortran aka rubuta ta, tushenta a buɗe yake, tana hawa Linux lafiya.

Injiniya_Kazaure:
Bashir ya faɗi magana mafi amfani a zaren nan. Sharaɗi ɗaya ne, taswirar ta shiga RAM ɗin inji guda. Ranar da Kabiru ya samu taswira mai kyau ya koma mita 15, murabba'ai za su ninka huɗu, takun lokaci ma su ƙaru, a nan MPI zai dawo dole. Kuma a nan gungun zai fi yin kyau, don aikin cikin yanki ya ninka huɗu amma iyakar da ake musaya biyu kawai ta ninka. Abin da John Gustafson ya nuna ke nan a 1988: ba a sayen injina da yawa don ƙaramin aiki ya yi sauri, sai don a iya babban da a da ba ya yiwuwa.

Aminu_BSD:
Ni tambayata me ya sa Debian? FreeBSD, wani tsarin na kyauta dabam da Linux, ta fi tsafta, ga tsarin ajiyar fayil na ZFS, kuma Open MPI na nan a cikinta.

Sadik_Ringim:
Aminu, ba wanda ya ce FreeBSD ba ta da kyau, a kan injin ajiya ma zan iya zaɓarta. Amma mutumin da ke Auyo da data ƙalilan, in abu ya ƙi, amsar Debian ko Ubuntu zai fi saurin samu. Masu manyan gungu da yawa CentOS, wani nau'in Linux, suke bi a da, da aka yanke CentOS 8 a ƙarshen 2021 suka watse zuwa Rocky da AlmaLinux. Ga injina goma sha biyu duk wannan bai taso ba, bambancin gudunsu a aikin Kabiru ba zai kai abin da kebul ɗaya mara kyau zai ci ba. Abin da zan ƙara wa Malam shi ne ya sa apt-cacher-ng a injin farko, ya sauke kowane kunshi sau ɗaya sauran su ɗauka daga wurinsa.

Ummu_Khalil:
Abu biyu daga wadda ta riƙe ɗakin kwamfuta a ƙauye. Na farko batirin agogo, ɗan farin nan mai kama da kwabo, CR2032. A tsofaffin injina duk sun mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. In kuka zo sa Slurm don jera ayyuka, MUNGE, mai tantance masa injina, ba zai yarda da injin da agogonsa ya bambanta ba, za ku yini kuna neman laifin a wani wuri. Ku canza batiran, ku sa chrony injin farko ya zama agogon sauran. Na biyu ƙura da zafi. Bayan hunturu ku buɗe akwati ku ga fankar furosesa, ƙura ta zama kamar auduga a tsakanin haƙoran ƙarfen. Ga Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a ɗaki mai rufin kwano. Furosesa in ya yi zafi rage gudu yake da kansa ba ya sanarwa, kuma inji ɗaya ya rage, kun ji abin da Hajara ta ce. Bulowa da sabon man furosesa, sai umarnin sensors don ganin zafin.

Nura_Sola:
Ƙari a kan na Ummu Khalil, Kabiru ya sa manhajar ta riƙa ajiye inda ta kai lokaci-lokaci. Wuta in ta tafi a minti na 35 kada a koma farko.

Jamilu_CBT:
Ina karantawa ina tunanin cibiyoyin jarrabawar JAMB. Kowace tana da kwamfuta wajen 250 a haɗe da waya, ga janareta, kuma yawancin shekara a rufe suke. Irin aikin da Bashir ya kwatanta ai a dare ɗaya za a gama na shekara. Ko da filashi ma za a iya tayar da su a Linux ba a taɓa abin da ke ciki ba.

AbuFatima_Wudil:
Jamilu, wa zai sayi man dare ɗayan? Kuma mai cibiya ba zai bari a taɓa injin da rijistarsa ta dogara a kai ba. In abin ya kai nan gara a yi hayar inji a AWS ko Google na awa biyu a biya a tashi.

Hajara_Dutse:
Hayar da dala ake biya, kuma sai ka tura taswira ka sauko da sakamako ta netwok ɗin ƙauye. Ni abin da nake fata shi ne jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa da Wudil su samu gungu na gaske da ɗalibi zai shiga daga nesa. Akwai misali. Da aka yi ritayar Ranger ta jami'ar Texas a 2013, an raba akwatunanta aka kawo wasu Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Botswana, cibiyar CHPC ta Afirka ta Kudu ta horar da masu riƙe su. Injin da ya tsufa a can ya zama makaranta a nan. Amma ko an kawo mana, sai an samu waɗanda suka taɓa fama da irin abin da Malam Auyo ke fama da shi kafin a samu mai riƙewa.

Malam_Auyo:
'Yan uwa ga rahoto. Na samu aron siwicin gigabit mai ƙofa takwas daga wani abokin aiki. Kebul uku sili huɗu ne kawai a cikinsu kamar yadda Malam Sadik ya ce, yara biyu 'yan aji shida suka danne sababbi, Malama Zainab. iperf3 ya nuna 941. Kabiru ya mayar da rubuta sakamako kan faifan kowane inji, ana tattarawa a ƙarshe. Injina takwas yanzu minti 10. Ma'aunin da Injiniya ya ce a sa ya nuna injina biyu da kogi ya ratsa kasonsu su ke aiki kusan ninki biyu na sauran, bai gyara wannan ba tukuna. Mun kuma gwada hanyar Malam Bashir ranar Asabar da rana a kan sola, gudu takwas daban-daban suka fito a minti 41.

Bashir_Bichi:
Alhamdulillahi. Ka sa Core 2 Duo ɗin a jerin, tsohon siwicin ya ishe su.

AbuFatima_Wudil:
Na taya ku murna, amma ina nan a kan bakata game da wutar. Malam, in za ka samu mitar da ake soka wa a soket, ka auna abin da takwas ɗin suka sha a minti 41 ɗin nan. Akwai wokistashan HP Z620 a shagon wani abokina, zan roƙe shi mu gudanar da manhajar Kabiru a kanta mu kwatanta, gudu da wuta duka.

Kabiru_Ruwa:
Na yarda Malam AbuFatima, zan turo maka ita da taswirar gwaji. Injiniya, game da rabon aiki, in na ba kowane murabba'i mai ruwa nauyi fiye da busasshe na yanka bisa nauyin, ai ruwan yana tafiya, wurin da ya bushe da safe ya jiƙe da yamma. Sai in riƙa sake yanka ana cikin gudu, ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga injina takwas?